Yadda Ake Zaɓen Kantoci Masu Tafiya Don Adana Fayil, da Yadda Ake Aiki da Su

Kantoci masu tafiya kantocin ƙarfe ne da ake ɗorawa a kan keke mai ƙafafu, keken kuma yana gungurawa a kan layukan ƙarfe da aka kafa a daɓen ɗaki. A tsarin da aka saba, kowane sahun kanta yana da lungunsa, har ka ga rabin ɗakin ya tafi a hanyar wucewa. A wannan kuwa, ana matse sahun duka wuri guda a bar lungu ɗaya tak. In fayil ɗin da ake nema yana sahu na biyar, sai a murɗa sitiyarin da ke goshin sahun, ya matsa, lungu ya buɗe a daidai nan. Rajistar ma'aikata, ɗakin katin asibiti, kotu, banki, ofishin filaye, duk inda takarda ta ci ɗaki har ta fara hawa tebur da kujera, nan ake fara maganar sayensu.

Mai sayarwa zai ja hankalinka ga fenti da kyan sitiyari. Waɗannan su ne na ƙarshe a lissafi. Abin da ke sa kantocin su yi shekaru suna aiki, ko su kafe tun ba a je ko'ina ba, yana ƙasa ne: daɓen da zai ɗauki nauyin, da layin da ƙafafun za su bi. Shi ya sa ake fara aikin da tef da biro tun kafin a kira kowane kamfani.

A fara da fayilolin

Kafin a auna komai, a tace. Babu amfanin sayen ƙarfe mai tsada don a jera kwafi uku na takardar sanarwa ɗaya, ko fom ɗin da aka daina aiki da shi. Sai dai tacewar tana da ƙa'ida. A Nijeriya dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a riƙe takardun lissafin kuɗi shekara 6, kuma takardun gwamnati ba a ƙona su da ka, domin dokar 1992 ta ba Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kaduna, ikon sa ido a kan abin da za a ajiye da abin da za a zubar. A ware, a rubuta jerin abin da aka ware, a nemi izini.

Abin da ya rage ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya, aunawa ake yi da mita. Wanda ke tsaye a kanta, a auna tsawon jerin. Wanda ke cikin durowa, a auna iya inda ya cika. Wanda aka tara a ƙasa ɗaya bisa ɗaya, a auna tsayin tarin. A haɗa duka. Sannan a ware fayilolin da aka buɗe a shekarar da ta wuce a auna su su kaɗai, don su ne za su gaya maka yadda ɗakin ke ƙaruwa. A ce an sami mita 200 yanzu, ana kuma ƙara mita 15 duk shekara. Nan da shekara biyar ana bukatar mita 275. A ƙara kashi 15 cikin 100 na sarari, domin fayil yana kumbura kuma hannu yana son wurin shiga, sai ya kama mita 316. Wannan adadin shi za ka riƙe.

Sai girman fayil ɗin kansa, wanda shi ke yanke zurfin kanta. Takardar A4 santimita 21 ce da 29.7, kuma babban fayil ɗinta mai zoben ƙarfe yana kai tsayin santimita 32 da zurfin kusan 29. Kanta mai zurfin 30 zuwa 35 ta ishe shi. Amma ofisoshinmu cike suke da fayil ɗin fulsikaf, wanda tsawonsa ke kai santimita 35, kuma in an kwantar da shi a kan dogon gefensa kanta mai zurfin 40 yake so. A kantar da ba ta motsi, fayil ya leƙo waje da yatsa biyu ba komai ba ne. A mai tafiya, duk abin da ya leƙo sahun da ke fuskantarsa zai murƙushe shi kullum aka rufe. Saboda haka ka ɗauki mafi girman fayil ko kwalin da kuke aiki da shi ka auna, kada ka ɗauki matsakaici. In akwai manyan littattafan rajista ko taswirar filaye, a ba su sahu nasu daban maimakon a zurfafa duka kantocin dominsu.

Tambaya ta ƙarshe ita mutane suka fi tsallakewa: mutum nawa ke ɗauko fayil a lokaci guda? Lungu ɗaya ne. In akawu yana ciki, na biyu sai ya jira. Ga fayilolin da aka rufe ko waɗanda ake taɓawa jifa-jifa, lungu ɗaya ya ishi sahu bakwai ko takwas. Ga waɗanda ake ɗauka safe da yamma, a raba kantocin gida biyu kowanne da lungunsa, ko a bar musu kantoci tsayayyu kusa da ƙofa.

Zana ɗakin a takarda

Ɗauki ɗaki mai tsawon mita 8 da faɗin mita 5. Kowane sahu zai zama gida uku, kowane gida mita ɗaya, wato mita 3 ke nan, ga kusan santimita 20 na goshi da sitiyari. Abin da ya rage a faɗin shi ne babbar hanyar gaba, kuma kada ta gaza mita 1.2 don keken tura fayil ya iya juyawa.

Da kantoci tsayayyu masu zurfin santimita 35, za a sa mai fuska ɗaya a kowane bangon ƙarshe, da masu fuska biyu guda huɗu a tsakiya, da lungu biyar na santimita 90. Fuska 10 ke nan. Da masu tafiya kuwa, biyun ƙarshe suna nan a kafe, a bar santimita 15 tsakaninsu da bango, lungu ɗaya na mita ɗaya, sai mita 6 da ta rage ta ɗauki keke takwas, kowanne santimita 75 har da robar da ke hana su haɗuwa. Fuska 18. In kowace fuska hawa shida ce, tana ɗaukar mita 18, wato tsayayyun mita 180, masu tafiyar mita 324. Ƙarin kashi 80 cikin 100 ne. Za ka ji ana cewa ai ninki biyu ake samu. A dogon ɗakin da babu ginshiƙi yana yiwuwa, amma kowane ginshiƙi ko ƙofar da ke buɗewa ciki tana cin nata kason, don haka naka lissafin za ka bi.

Hawa shida na babban fayil yana kai mita 2.4. A nan a duba sama: fanka, fitila, katakon sili, bututun ruwan kashe gobara in akwai. A bar aƙalla rabin mita tsakanin saman kanta da bakin mai fesa ruwan. Fitilu kuma a jera su su ratsa sahun, wato su bi tsawon layukan ƙasa. In aka jera su daidai da sahun, ranar da lungu ya buɗe tsakanin fitila da fitila, akawu sai ya kunna tocilan wayarsa.

Daɓe

Nan ne ake asarar da ta fi kuɗin kantocin. Rim ɗaya na takardar A4 mai nauyin giram 80 kilo 2.5 ne, kaurinsa kusan santimita 5. Mita ɗaya ta takarda a matse rim 20 ce, kilo 50. Fayil ba ya matsuwa haka, don haka a ɗauki kilo 45 a kowace mita. Keke ɗaya a misalinmu yana ɗauke da mita 36, kilo 1,620, ga nauyin ƙarfensa da zai kai kamar kilo 400. Tan biyu ke nan a kan fili mita 3 da santimita 75, wato kusan kilo 900 a kowace murabba'in mita. Ɗakin gaba ɗaya zai ɗauki kusan tan 18, daidai da buhun siminti 360.

Yanzu a gwada da abin da aka gina ɗakin ya ɗauka. A ƙa'idar Birtaniya ta BS 6399, wadda injiniyoyinmu da yawa suka yi zanen gine-gine da ita, daɓen ofis kusan kilo 250 ne a murabba'in mita, ɗakin fayil kusan 500. Ga kantocin littattafai masu tafiya kuwa, ta nemi kusan kilo 480 a kan kowace mita ta tsayin kanta, kuma kada ya gaza 960. Ga tsayin mita 2.4, an haura kilo 1,100. Wato ofishin da ke bene, wanda aka zuba dekinsa don tebur da kujera, ana shirin ɗora masa ninki uku ko huɗu na abin da aka tanadar masa. Ƙari a kan haka, nauyin ba ya bazuwa. Ta ƙafafu shida ko takwas yake sauka a kan siraran layuka, kuma yana yawo: yau duk sahun suna dama, gobe suna hagu.

Saboda haka in ɗakin a bene yake, ko akwai ɗakin ƙasa ko tankin ruwa a ƙarƙashinsa, ba a sa hannu a takardar oda sai injiniyan gini mai rajista ya duba ya rubuta amincewarsa. Abin da za a ba shi: zanen ginin, nauyin kowane keke a cike, yawan layuka da tazararsu, da nauyin da kowace ƙafa ke saukewa, wanda kamfanin ne zai bayar a rubuce. Wani lokaci juya kantocin kawai yake cewa a yi, don layukan su dace da bim ɗin ƙasa. Wani lokaci ya ce a rage hawa. Sau da yawa amsar ita ce a sauko ƙasa, kuma ita ce mafi araha.

Ƙasan ma ba a ɗauke shi a kan amana. Gine-gine da yawa cikon ƙasa ne aka yi wa siririn kankare aka manna tayil. A fasa wuri ɗaya ko biyu a kusurwa a ga kaurin kankaren da abin da ke ƙarƙashinsa. A ƙwanƙwasa tayil da gindin sukudireba, duk inda ya yi amon fanko akwai rami a ƙasa. Ba a kafa layi a kan tayil. Ana cire shi a hanyar layin a kai ga kankare, in kankaren bai da kirki a haƙa a zuba sabon bim mai rodi a ƙarƙashin kowane layi, a kuma bar shi kwana 28 kafin a loda.

Wane iri za a saya

Na turawa da hannu, mai mariƙi kawai ba giya, ya dace da gajeren sahu na gida ɗaya ko biyu mai kaya marar nauyi. Da ya cika da takarda, tura shi aikin ƙarti ne, tsayar da shi kuma ya fi turawar wuya.

Mai sitiyari shi ne dokin aiki. Sitiyarin yana juya sarƙa, sarƙar ta juya wata doguwar sandar ƙarfe da ke ƙarƙashin keken, sandar ta juya ƙafafun. Saboda giyar, hannu ɗaya yana matsar da tan biyu ko uku. Ka tambaya ko sandar ta ratsa tsawon keken duka tana juya ƙafa a kan kowane layi. Masu araha ƙafafun gaba kaɗai suke ja, sai bayan ya riƙa jan ƙafa, keken ya riƙa tafiya a karkace har ya ci gefen layi.

Mai lantarki maɓalli ake dannawa, yana da na'urar da ke tsayar da shi in ta ji mutum a lungu, kuma ga dogayen sahu masu nauyi babu kamarsa. Amma a inda wuta ke zuwa ta tafi, ko ta zo da ƙarfin da zai ƙona allon sarrafawa, a yi tunani sau biyu. In allon ya ƙone kuma sai an yi odarsa daga waje, fayilolin suna kulle har ya iso. Wanda ya nace a kansa ya tabbatar akwai batir, da na'urar daidaita wuta, da hanyar matsar da shi da hannu. Ga yawancin rajistocinmu mai sitiyari ya wadatar.

Abin da za a rubuta a takardar oda

Kada a rubuta "kantoci masu tafiya, saiti ɗaya". A rubuta tsawo, zurfi, tsayi da yawan hawa. A rubuta nauyin da kowace kanta za ta ɗauka, kilo 80 a kan mita ɗaya, don a sami rara a kan 45 ɗin da aka lissafa. A rubuta kaurin ƙarfe: farantin kanta kada ya gaza milimita 0.8, ginshiƙai su fi haka, a kuma auna da ma'aunin kauri ranar da kaya suka iso, domin ido ba ya bambance 0.6 da 0.8 amma takarda tana bambancewa cikin wata shida. Fenti ya zama na gari da ake gasawa, ba na feshi da ke ɓarewa ba. Kantocin su zama masu ɗagawa da saukewa a kan ramukan ginshiƙi. A sa murfi a saman kowane sahu, da shinge a tsakiyar masu fuska biyu don kada fayil ya zarce ɗaya gefen, da masu raba fayil aƙalla biyu ko uku a kowace kanta.

Na tsaro kuma ba a sasanta su: makullin birki a kowane sitiyari, tokare a ƙarshen kowane layi, roba tsakanin sahu da sahu, da ƙugiyar hana kifewa wadda ke kama leɓen layi daga ƙasa. Duk sahun da tsayinsa ya ninka faɗin gindinsa sau huɗu ko fiye, ƙugiyar dole ce, mai fuska ɗaya kuwa kada a sa shi a keke in ba ta.

Kafin a biya kuɗin ƙarshe, a gwada kanta ɗaya. A cire ta samanta, a jera rim 32 na takarda, tari huɗu takwas-takwas, kilo 80 ke nan. A bar su kwana ɗaya, a miƙa zare daga gefe zuwa gefe a auna lanƙwasar tsakiya. A kan mita ɗaya, kada ta wuce milimita 5, kuma da an sauke kayan ta koma yadda take. A nemi a haɗo da sarƙa guda, boris na ƙafa da makullin birki na ajiya. Maƙeran gida suna iya yin jikin kanta mai kyau, amma a layi da ƙafafu ne aikin hannu yake tona kansa, don haka ka je ka ga wanda suka kafa shekara biyu ko uku da suka wuce, ka murɗa shi a cike.

Kafa layi

Hanya biyu ce. Ko a binne layukan a cikin daɓe su yi daidai da fuskarsa, wanda ya fi kyau a sabon gini, ko a kafa su a sama a cike tsakaninsu da dandamali, a yi 'yar gangara a baki. Kamfanoni sukan zo da dandamalin filawud. A inda gara take, wannan abincinta ne aka ajiye mata a ƙarƙashin takardu, a wurin da ba mai gani. A cike da siminti, ko a sa farantin ƙarfe, in kuwa katakon ne dole to ya sha magani.

Ga yadda aikin ke tafiya. A nemo wuri mafi tudu a daɓen da leza, in babu a yi da tiyon ruwa na magina. Daga wannan tudun ake ɗaukar lebur ɗin duka layukan. A ja layin farko da zare, a auna sauran daga jikinsa, a duba tazarar a farko, tsakiya da ƙarshe. A auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, in tsawon bai zo ɗaya ba akwai karkata. A ɗaga layin da siraran farantan ƙarfe har ya yi lebur a tsawonsa da kuma tsakaninsa da 'yan uwansa. Kuskuren da ake yafewa a nan na milimita ɗaya ko biyu ne. Sannan a ɗaure da noti a cikin kankare, a ɗura siminti na musamman marar tsukewa a ƙarƙashin layin daga farko har ƙarshe. Masu gaggawa sukan tsallake ɗurin nan su bar layin a kan farantan kawai. Ba komai za a gani ba ranar miƙa aiki, amma da tan biyu ya bi ta kai, layin zai lotsa tsakanin faranti da faranti, keken ya riƙa faɗawa rami yana hawa tudu. Mahaɗar layi biyu kuma a shafa da yatsa, in farce ya kama, ƙafa ma za ta kama.

Da an ɗora kekunan, a gwada kowanne tun babu kaya: a kai shi ƙarshe a dawo, a sake shi a wurare uku ko huɗu ba tare da birki ba. In ya gungura da kansa ko da kaɗan ne, layin bai yi lebur ba, kuma yanzu ne gyaransa ke da sauƙi. A maimaita gwajin bayan an loda.

Loda kaya

A sa wa kowane wuri lamba tun kantocin suna fanko: fuska, gida, hawa. Fayil ɗin da ke 05-2-4 yana fuska ta biyar, gida na biyu, hawa na huɗu. A liƙa jerin abin da ke ciki a goshin kowane sahu da manyan haruffa, a kuma shigar da lambar wurin a littafin rajista ko kwamfuta. A nan ba a yawon dubawa da ido kamar a buɗaɗɗen ɗaki, wanda bai san sahun ba sai ya murɗa takwas. Ga ma'aikatun gwamnati abin ya wuce jin daɗin aiki, tunda Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kwana 7 ta ba su su amsa wa mai nema.

Ana lodi daga ƙasa zuwa sama, ana cika fuskokin keke biyu tare. In aka cika gefe ɗaya aka bar ɗayan fanko, nauyin ya koma kan ƙafafun gefe guda. Masu nauyi a ƙasa, waɗanda aka fi nema daga ƙugu zuwa kafaɗa, kuma a tara su a sahu biyu masu fuskantar juna don lungun ya zauna a nan yawancin yini. Kowace kanta a bar mata kamar tafin hannu biyu.

Ɗakin katin asibiti yana da nasa zancen. Asibitoci da yawa suna jera kati da lambobin ƙarshe, wato kati mai lamba 483752 yana sashe na 52. Amfaninsa shi ne sababbin katuna suna bazuwa ko'ina, ma'aikata ba sa cunkushewa wuri guda. Amma wannan bazuwar ita ce matsala a kantoci masu tafiya, domin kusan kowane kati da aka nema wani lungun za a buɗe masa, ga layin marasa lafiya a taga. In da wannan tsarin ake aiki, a ba kowane keke uku ko huɗu lungunsu, ko a bar katunan da ke yawo a tsayayyun kantoci a kai na waɗanda suka daɗe ba su zo ba kan masu tafiya.

Aikin yau da kullum

Kafin a taɓa sitiyari, a leƙa lungun da ke buɗe, a yi magana. Mutumin da ya durƙusa a hawan ƙasa ba a hango shi daga nesa. Wanda zai shiga ya danna birkin sahun dama da na hagu, shi ne kuma zai cire in ya fito. A matsar da keke ɗaya ko biyu a lokaci guda. Tura biyar da sitiyari ɗaya shi ke tsinka sarƙa. A murɗa a hankali a tsaya a hankali, ba a buga sahu da sahu, don bugun yana zubo fayil daga sama yana kuma kwance noti. Ba a taka kanta a hau, a ajiye ɗan matakala, a kuma fito da shi kafin a rufe. Duk fayil ɗin da aka zare, a sa katin fita a gurbinsa mai suna da kwanan wata.

Ƙura, laima da wuta

Lokacin hunturu a share layukan duk mako da buroshi mai tauri ko na'urar zuƙe ƙura. Abin da ake tsinta a ramin layi kilif ne, da fil, da igiyar fayil, da yashi, kuma kilif ɗaya ya isa ya sa tan biyu ya yi tsalle. Kada a shafa wa fuskar layi giris. Da ƙura ta hau sai ya zama taɓo, ƙafafun kuma su riƙa zamewa. Sarƙa da giya su ke son mai, kaɗan, sau biyu a shekara, a lokacin ne kuma za a bi notuna a ƙara ɗaure su. Mai goge ɗaki ya san ba a kwara ruwa a nan, domin yana kwanciya a ramin layi ya zama tsatsa.

Da damina kuwa matsalar iska ce. Sahun da ke matse ba ya shan iska, kuma da laima ta wuce kashi 65 cikin 100 ta daɗe a haka, fumfuna za ta fara, galibi a hawan ƙasa na sahun da ba a buɗewa. A rataye ma'aunin laima a cikin sahun, ba a bakin ƙofa ba. Duk ranar da za a tashi hutun mako a rarraba kekunan, a raba faɗin lungun tsakaninsu kowanne ya sami ɗan sarari. Hawan ƙasa ya ɗaga santimita 15 daga daɓe. Kada na'urar sanyaya ɗaki ko bututun ruwa su kasance a saman kantocin, rufin kuma a duba shi kafin ruwan farko.

Rarrabawar nan tana da amfani ga gobara ma. Wutar da ta kama a cikin rufaffen sahu tana ci a ɓoye, hayaƙin bai kai ga na'urar jinsa da wuri ba, ruwa kuma bai samun hanyar shiga. Inda sirri ya sa dole a matse a kulle da dare, to a ƙara na'urorin jin hayaƙi, a kuma fitar da duk wani soket da tsohuwar waya daga bayan kantocin. Tukunyar kashe gobara ta ruwa ita ce ta takarda. Ta iskar gas tana kashe harshen wuta ta bar garwashi a cikin tarin.

In ya fara ba da matsala

Sitiyari yana juyawa keke bai motsa ba: ko sarƙa ta zame, ko ɗan fil ɗin da ke riƙe giya a jikin sanda ya karye. A cire murfin goshi za a gani. Keke yana tafiya a karkace yana ƙara: mahaɗar sandar ƙasa ta kwance, ko an loda ƙarshe ɗaya fiye da ɗayan. Yana yin tauri a wuri ɗaya kullum: a duba datti ko mahaɗar layi a daidai nan. Yana yin tauri ko'ina: boris ya mutu ko kaya sun yi yawa. Sahu biyu sun haɗu a ƙasa amma sama da sarari, ko akasin haka: notunan da ke riƙe ginshiƙai da ƙarfen gicciye na baya sun saki, a sauke hawan sama kafin a ɗaure.

Wanda ba a jira da shi shi ne keken da a da yake tsayawa inda aka bar shi, yanzu kuma ya fara gangarawa da kansa, musamman in duk kekunan tsakiyar ɗaki suke nufa. A ƙasa, alama ce cikon da ke ƙarƙashin daɓe yana zama. A bene kuwa dekin ne ke lanƙwasa. A danna birkin duka, a rarraba kekunan kada su taru wuri guda, a fara sauke hawan sama zuwa wani ɗakin da ke ƙasa, a leƙa silin ɗakin da ke ƙarƙashi ko akwai tsaga, a fitar da masu zama a cikinsa, a kira injiniya a ranar.